GNU Radio, SDR++ ko SDRangel: wace buɗaɗɗiyar manhaja ce ta dace da rediyon da kake son haɗawa?

Wanda ya sayi na'urar SDR (wato rediyon manhaja, wanda kwamfuta ke yi masa aikin warware sigina) karon farko, abin da yakan fara nema shi ne jerin manhajojin da suka fi kyau. Zai kuwa samu: GNU Radio, Gqrx, SDR++, SDRangel, SoapySDR, rtl_433, srsRAN, an jero su reras kamar duk aikinsu ɗaya. Alhali wasu na sauraro ne, wasu na ƙera sabon abu ne, wata kuma ko ganinta ba ka yi, tana can ƙarƙashi tana haɗa na'ura da sauran manhajoji. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi zuciya suka jefa na'urar a durowa, manhajar wani aikin daban suka ɗauko, suka yi ta fama da ita har suka gaji.

A rediyon da muka saba da shi, kayan lantarkin da ke ciki su ne ke tace sigina, su warware ta, su fitar da murya, kuma abin da aka ƙera shi a kai shi zai yi har ya lalace. A rediyon manhaja aikin na'ura bai wuce biyu ba: ta ɗebo wani yanki na zango, ta mayar da shi lambobi. Lambobin suna zuwa biyu-biyu, ana kiransu I da Q, suna kwarara cikin kwamfuta ta USB. Daga nan komai lissafi ne. Joseph Mitola ne ya yaɗa wannan tunani a farkon shekarun 1990, amma bai iso hannun kowa da kowa ba sai 2012, lokacin da aka gano cewa ƙananan na'urorin kallon talabijin masu guntun RTL2832U na kamfanin Realtek suna iya fitar da ɗanyen I da Q. Antti Palosaari ya taka rawa a ganowar, mutanen Osmocom, masu rubuta buɗaɗɗun manhajojin sadarwa, kuma suka rubuta direban rtl-sdr, wato manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, wanda har yau ake amfani da shi.

Na'urarka ce ke fara yanke hukunci

Kafin ka kwatanta manhajoji, dubi abin da ke hannunka. RTL-SDR, wato irin waccan na'urar talabijin ɗin, mai guntun R820T tana kama daga kusan 24 MHz zuwa 1766 MHz, tana ba da samfur (wato awon sigina ɗaya, I da Q) miliyan 2.4 a daƙiƙa ba tare da tangarɗa ba, kowane samfur bit 8, kuma kamawa kawai take yi. HackRF One ta Michael Ossmann tana kaiwa daga 1 MHz zuwa 6 GHz da samfur miliyan 20 a daƙiƙa, tana kamawa tana kuma watsawa, sai dai ba a lokaci guda ba, ita ma bit 8 ce. ADALM-Pluto ta Analog Devices da LimeSDR bit 12 ne, suna kamawa da watsawa tare. USRP na Ettus Research kuwa su jami'o'i da kamfanoni suka fi riƙewa.

Maganar bit ɗin nan ba ado ba ce. Kowane bit yana ƙara kusan dB 6 (dB ma'aunin bambancin ƙarfin sigina ne) a tazarar da ke tsakanin sigina mafi rauni da mafi ƙarfi da na'ura za ta iya ɗauka tare. Bit 8 kusan dB 48 ke nan, bit 12 kusan 72. Shi ya sa tashar FM mai ƙarfi da ke kusa da kai za ta iya cika allon RTL-SDR da siginonin bogi, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan. Rage ƙarfin shigowa ko sa mataci a bakin eriya shi ne magani.

Kowace na'ura da direbanta: librtlsdr, libhackrf, UHD na USRP, libiio na Pluto. A da, mai rubuta manhaja sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. SoapySDR, wadda Josh Blum ya rubuta, ita ta rage wannan wahala: manhaja ta yi magana da Soapy, Soapy ta yi magana da kowace na'ura. Ba ta da allo, ba ta da maɓalli, don haka ba abin kwatantawa ba ce da su SDR++. Amma ka riƙe umarni ɗaya, `SoapySDRUtil --find`. In bai ga na'urarka ba, kar ka ɓata lokaci kana zargin manhajar da ke sama.

Abubuwa uku ne suka fi hana na'ura bayyana. A Linux, tsarin yakan ɗauki RTL-SDR a matsayin na'urar talabijin ya ɗora mata dvb_usb_rtl28xxu, sai ka toshe wannan direban tukuna. A Windows sai ka bi ta Zadig ka sa WinUSB. Na ukun ya fi ruɗarwa: RTL-SDR Blog V4 da ta fito a 2023 guntun R828D gare ta, kuma tsohon direba zai nuna kamar komai lafiya, amma ko dai ka ji shiru ko ka ga tashoshi a inda ba nan suke ba.

In sauraro kake so

A nan ne mafi yawan mutane ya kamata su fara, kuma a ganina SDR++ ce ƙofar shiga. Alexandre Rouma ya fara ta a 2020, an rubuta ta da C++, lasisinta GPL na buɗaɗɗun manhajoji, tana aiki a Windows, Linux, macOS da Android. Abin da ya fifita ta shi ne sauƙin nauyi. Ba ta jawo GNU Radio a bayanta, tana buɗewa nan take, allon da ke nuna sigina yana gangarowa sumul ko a kwamfutar da ta kwana biyu. Za ka iya buɗe tashoshi da yawa a cikin yankin da na'ura ta ɗebo, ka saurari ɗaya kana naɗar wata. Tana kuma da sabar ta kanta: ka ajiye na'ura da ƙaramar kwamfuta kusa da eriya, ka zauna a wani ɗakin kana juyawa ta hanyar sadarwar gida. Wannan yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin doguwar wayar eriya tana cinye sigina, musamman a manyan zanguna.

Rauninta a fili yake. Ba ta watsawa, kuma siginonin dijital da take warwarewa da kanta kaɗan ne. In kana son saƙonnin jiragen ruwa ko na balan-balan ɗin auna yanayi, sai ka haɗa ta da wata manhajar.

Gqrx ta girme ta. Alexandru Csete ya gina ta a kan GNU Radio da Qt, kuma ta daɗe tana zaman abin da mai Linux ke fara sawa, tunda tana cikin rumbun Debian da Ubuntu, umarni ɗaya ya isa. Tana yin AM, FM, SSB da CW, tana karanta sunan tasha ta RDS. Inda har yanzu nake fifita ta shi ne haɗin kai da wasu manhajoji. Tana karɓar umarni ta TCP a ƙofa ta 7356, tana tura sauti ta UDP a 7355. Gpredict, wadda shi dai Csete ɗin ya rubuta, tana iya bin tauraron ɗan'adam tana gyara wa Gqrx zango a kai a kai yayin da tauraron ke tahowa da wucewa. Amma tasha ɗaya take saurara a lokaci guda, kuma gidanta Linux da macOS ne. Mai Windows sai ya bi ta tarin manhajoji na Radioconda.

SDRangel wata duniya ce daban. Edouard Griffiths ya kafa ta, Jon Beniston ya ƙara mata kaya masu yawa, kuma su kansu masu ita sun faɗa a bayaninta cewa don wanda ya riga ya san hanya aka yi ta. Gaskiya suka faɗa. Ka buɗe ta karon farko, fili za ka tarar fayau. Kai za ka ƙara na'ura, ka ƙara tasha a kan na'urar, ka zaɓi abin da zai warware tashar, kowanne da tagarsa da za ka ja ka jera. Wanda bai san bambancin zangon tsakiya na na'ura da zangon tasha ba zai yi awa guda bai ji ko tari ba.

In ka haye wannan tudun kuwa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A cikinta kaɗai akwai ADS-B na jiragen sama, AIS na jiragen ruwa, DAB na gidajen rediyon dijital, talabijin ɗin dijital na masu rediyon sha'awa, muryoyin dijital irin DMR da D-Star, POCSAG na ƙananan na'urorin karɓar saƙo (pager), siginar balan-balan ɗin yanayi, har da kayan nazarin sararin samaniya. Akwai taswira da ke nuna jirage da taurari a wuri ɗaya. Tana sarrafa na'urori da yawa tare, tana watsawa da HackRF, Pluto ko LimeSDR, tana kuma da sigar da ba ta da allo wadda ake ba umarni ta hanyar sadarwa da tsarin REST. Cikin manhajojin sauraro, ita kaɗai ce za a iya cewa mutum ya gina cikakken tsari da ita ba tare da ya rubuta layi ɗaya ba. Farashin shi ne nauyi: tana cin ƙarfin kwamfuta, kuma saituna sun yi yawan da kuskure ɗaya zai ɓuya maka.

CubicSDR ta Charles Cliffe tana nan, an gina ta a kan liquid-dsp da SoapySDR, tana da sauƙin fahimta, amma aikinta ya lafa kuma ban ga dalilin da sabon shiga zai zaɓe ta a kan SDR++ ba. SDR# kuwa, wadda ake yawan sawa cikin irin wannan jeri, kyauta ce amma a rufe take. Haka HDSDR da SDR Console. Suna da kyau, sai dai ba za ka iya duba cikinsu ko ka gyara ba, don haka ba sa cikin wannan lissafi.

Sai OpenWebRX, wadda András Retzler ya fara, Jakob Ketterl ya ci gaba da ita. Ita amsar wata tambaya ce: yaya mutane da yawa za su saurari na'ura ɗaya? Ka sa ta a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, kowa ya shiga ta burauza ya juya tasharsa a cikin yankin da aka ɗebo. Ga makaranta ko ƙungiya babu kamarta.

Abin da an riga an gina

Kafin ka ce za ka ƙera, bincika ko wani ya riga ka. Sau da yawa ya riga ka, kuma ya shekara goma yana gyara kurakuran da kai ba ka ma san da su ba.

Ɗauki rtl_433. Na'urorin auna zafi da ruwan sama, ƙararrawar ƙofa, ma'aunin iskar tayar mota, duk suna aika gajerun saƙonni a 433.92 MHz, ko 315, 868 da 915 gwargwadon yankin duniya. rtl_433 ta san tsarin fiye da iri 200 na waɗannan. Ka rubuta `rtl_433 -F json`, ka jira, sai layuka su fara fitowa da sunan na'ura, lambarta, zafi, danshi, da halin batir. Tana turawa kai tsaye zuwa MQTT, tsarin da ƙananan na'urori ke musayar saƙo da shi. Wanda ya zauna haɗa wannan a GNU Radio zai koyi abubuwa, amma ba zai kamo ta ba.

Haka dump1090, wadda Salvatore Sanfilippo ya rubuta a 2012, da 'ya'yanta irin readsb. Jirage suna aika saƙon bit 112 a 1090 MHz, eriyar da tsawonta bai kai santimita 7 ba tana kamawa. SatDump ce ta taurarin yanayi: Meteor-M na Rasha a kewayen 137 MHz, GOES na Amurka a kusan 1.7 GHz. AIS-catcher ta jiragen ruwa ce a 161.975 da 162.025 MHz, Dire Wolf ta APRS (saƙonnin wuri na masu rediyon sha'awa), welle.io ta DAB, WSJT-X ta Joe Taylor kuma ta FT8, salon aika gajerun saƙonni da sigina mai rauni. Yawancinsu ba su da nauyi, suna kwana suna aiki a ƙaramar kwamfuta babu mai dubawa. Tsarin SDR da ya fi daɗewa bai faɗi ba yawanci irin wannan ne: na'ura ɗaya, eriya da aka yanka daidai zangon, manhaja ɗaya mai aiki ɗaya.

GNU Radio

A nan ake yinta. Eric Blossom ya fara GNU Radio a 2001 da tallafin John Gilmore, kuma har yau ita ce ma'aunin da ake gwada saura da shi. Ba rediyo ba ce, kayan haɗa rediyo ce. Tana ba ka bulo-bulo na lissafi, an rubuta masu nauyin da C++, ana ɗaure su da Python, kuma a GNU Radio Companion kana jan su da linzami kana haɗa su da layi.

Bari mu duba rediyon FM, wanda kusan kowa da shi yake farawa. Bulo na farko shi ne tushe, RTL-SDR a samfur miliyan 2.4. Tashar FM faɗinta kusan 200 kHz ne, saboda haka sai mataci ya yar da saura ya kuma rage samfur kashi 10, a koma 240,000. Sai bulon WBFM Receive ya warware sigina ya sake ragewa kashi 5, a sami 48,000, daidai abin da katin sauti ke so. Bulo huɗu ke nan har da na lasifika. To amma ka rubuta 4 a maimakon 5, sauti zai riƙa tsinkewa ko ya koma wani iri, kuma babu saƙon da zai ce maka ga inda ka kuskure. Abin da za ka gani a ƙasan allo wasu haruffa ne: O na nufin samfur ya yi wa kwamfuta yawa tana zubarwa, U na nufin na'urar watsawa tana jira ba a kawo mata ba, aU kuma katin sauti ne ya ƙare da abin bugawa. Akwai kuma ƙaramin saiti na rage kaifin sauti, mikrodaƙiƙa 75 a Amurka, 50 a mafi yawan sauran duniya. In ka bar na wani yankin, muryar za ta fita amma ba daidai ba.

Wannan shi ne halinta gaba ɗaya. Ba ta ɓoye maka komai, ba ta kuma yi maka komai. Shi ya sa take koyarwa fiye da kowace manhaja a wannan fage: ka maƙala allon duba zango kafin mataci da bayansa, ka ga da idonka abin da aka yanke. Shi ya sa kuma ba na ba sabon shiga shawarar farawa da ita. Wanda bai taɓa ganin yadda siginar AM da ta FM ke bambanta a allo ba, bai san tsinin da ke tsakiyar allo na na'urar ne ba na iska ba, in abu ya ƙi aiki ba zai san ko eriya ce, ko direba, ko lissafinsa ba. Mako biyu da SDR++ sun rage masa wata biyu na ciwon kai.

Ƙarfinta na biyu shi ne abin da wasu suka ɗora a kanta. gr-satellites ta Daniel Estévez tana warware saƙonnin ƙananan taurari masu ɗimbin yawa. gr-ieee802-11 ta Bastian Bloessl tana kamawa da watsa siginar Wi-Fi, kuma za ka iya buɗe cikinta. Akwai gr-gsm, akwai na LoRa. Amma a nan ne ƙayar take. Siga ta 3.8 a 2019 ta koma Python 3 ta kuma canza fayilolin Companion daga XML zuwa YAML. Siga ta 3.9 a 2021 ta canza abin da ke ɗaure C++ da Python, ta yar da SWIG ta ɗauki pybind11. Ta 3.10 ta fito a farkon 2022. Kowane sauyi ya karya kayan da aka rubuta wa na baya. Za ka sami abin da kake nema daidai a GitHub, ka ga an rubuta shi don 3.7, mai shi ya gama digirinsa ya tafi. Don haka kafin ka sa GNU Radio, fara duba ƙarin da kake buƙata da sigar da yake bi, sannan ka sa wannan sigar. Ana kuma kan gina GNU Radio 4 daga tushe, tare da cibiyar bincike ta GSI da ke Darmstadt a Jamus, kuma tsofaffin bulo ba za su shiga cikinta haka kawai ba.

Wajen sawa, Radioconda ta Ryan Volz ta sauƙaƙa abin ƙwarai, musamman a Windows da macOS inda a da aikin ke cin yini. DragonOS kuma Linux ce da aka riga aka cika da waɗannan kaya, ta dace da wanda ke son gwada da yawa kafin ya tsayar da ɗaya.

Ka kuma yi lissafin nauyi. HackRF a samfur miliyan 20 tana tura megabayit 40 a daƙiƙa, wanda ya kusa ƙure USB 2.0. GNU Radio tana mayar da kowane samfur bayit 8, ya zama megabayit 160 a daƙiƙa da ke ratsa kowane bulo. Ko RTL-SDR, in ka naɗi ɗanyen samfur a wannan tsari, minti ɗaya ya haura gigabayit 1. Darasin shi ne ka rage samfur tun a bulo na biyu, kuma kar ka sa bulon da ka rubuta da Python a inda kwarara ta fi ƙarfi. Laburaren VOLK yana hanzarta lissafi, kuma gudanar da `volk_profile` sau ɗaya yana sa ya zaɓi hanyar da ta fi sauri a kwamfutarka.

Wani raunin GNU Radio da ba a cika faɗa ba: an tsara ta ne don sigina mai kwarara ba tsayawa. Kowane bulo yana gudana a zarensa, da ma'ajiya tsakaninsa da na gaba, kuma ma'ajiyoyin nan suna tara jinkiri. In tsarinka na buƙatar ya ji saƙo ya mayar da amsa cikin ƙiftawar ido, za ka yi ta kokawa da ita.

In GNU Radio ta yi maka girma

Ba kowane aiki ke buƙatar wannan katafaren gini ba. liquid-dsp ta Joseph Gaeddert laburare ne na C zalla: matatai, masu canza yawan samfur, hanyoyin ɗora bayanai a kan sigina, gyaran kuskure, har da OFDM. Ba ta da allo, ba ta san wata na'ura ba. Ka haɗa ta da SoapySDR, ka sami ƙaramar manhaja da za ta zauna a ƙaramin allon lantarki ba tare da jan tarkace ba. Ga mai ƙera kayan sayarwa akwai wani dalilin: lasisinta MIT ne, na Soapy kuma Boost, duka biyun suna barinka ka rufe naka. GNU Radio GPL ce, in ka rarraba abin da ka gina a kanta, sai ka buɗe shi. OpenWebRX da srsRAN kuwa AGPL ne, wanda ya kai har ga masu amfani da manhajar ta intanet. Gara a san wannan tun ranar farko.

Akwai kuma hanyar da ake rainawa: Python tsurarta da NumPy da SciPy. Ka naɗi daƙiƙa goma na sigina a fayil, ka buɗe, ka yi ta gwaji a natse. Ga koyo da bincike sau da yawa ta fi jan bulo sauri, domin kana ganin kowane mataki kuma sigina ba ta guje maka. LuaRadio ƙarama ce mai tsafta. FutureSDR, da aka rubuta da Rust, tana jan hankalin masu bincike amma kayanta ba su kai na GNU Radio ba. Pothos, wata mai haɗa bulo-bulo irin GNU Radio, ta zo da tunani mai kyau, sai dai Soapy da ta fito daga gidan ta fi ta rayuwa.

Idan kuma siginar da ke gabanka ba wanda ya san ta, misali rimot ɗin wata na'urarka, to inspectrum ta Mike Walters ita ce ta farko. Tana buɗe fayil ɗin da ka naɗa, ka zuƙo hoton, ka ja layukan awo a kan bugun sigina har ka gano tsawon kowane bit. Universal Radio Hacker, aikin Johannes Pohl da Andreas Noack, ta wuce nan: tana ƙoƙarin gano irin siginar da kanta, ta fitar da sifili da ɗaya, ta jera saƙonni da yawa ka ga wane sashe ke canzawa in ka danna wani maɓallin. Da waɗannan biyun ake gane tsari, sannan a koma GNU Radio ko rtl_433 a rubuta mai warwarewa na dindindin. Kuma duk abin da ka naɗa, ajiye shi a tsarin SigMF, wanda ke haɗa fayil da ƙaramin bayanin zango, yawan samfur da lokaci. Ɗanyen fayil da ba a san a wane zango aka ɗauke shi ba, bayan wata shida tarin lambobi ne kawai.

Masu son kafa hanyar wayar salula

Wannan fage ne na daban, kuma manyansa biyu ne. srsRAN ta kamfanin Software Radio Systems na Ireland, wadda a da ake kira srsLTE, ta fi sauƙin tayarwa kuma rubutunta ya fi karantuwa. Sigarta ta 4G tana zuwa da komai: ɓangaren waya, tashar eriya, da ƙaramar cibiya. Ta 5G tana buƙatar cibiya daga waje, yawanci Open5GS. OpenAirInterface, da ta fito daga EURECOM a Faransa, ta fi faɗi, tana da cibiyar 5G ta kanta, masu bincike kan sababbin ƙa'idoji sun fi zuwa gare ta, amma saitinta ya fi wuya kuma lasisinta nata ne na musamman, sai an karanta. Ga GSM kuwa kayan Osmocom, aikin da Harald Welte ya jagoranta, su ne suka fi nuna.

A nan RTL-SDR da HackRF ba su da wuri, tunda tashar salula dole ta ji ta kuma yi magana a lokaci guda. Ana buƙatar irin USRP B210, LimeSDR ko bladeRF, da agogo mai daidaito, da kwamfutar da ba ta wasa: LTE tana aiki ne a kan zagayen milidaƙiƙa 1, kuma tasha mai faɗin 20 MHz tana cin samfur miliyan 30.72 a daƙiƙa. Abin daɗin shi ne duka biyun suna barinka ka gwada ba tare da na'ura ba, srsRAN ta hanyar ZeroMQ, OpenAirInterface da makwaikwayinta na rediyo. Ka tayar da hanyar gaba ɗaya a cikin kwamfuta ɗaya kafin ka kashe kuɗi.

Zangunan salula kusan ko'ina a duniya masu lasisi ne, kuma watsawa a cikinsu ba izini laifi ne, ko da da ƙaramin ƙarfi. Haka zangunan jiragen sama da na GPS. Masu aikin gwaji suna haɗa na'ura da na'ura ta waya, su sa abin rage ƙarfi na kamar dB 30 a tsakani don kar mai watsawa ya ƙona bakin mai kamawa, ko su sa wayar gwaji da eriya cikin akwatin da ba ya barin sigina ta fita. HackRF ma, ko a zangon da aka yarda maka, tana fitar da ragowar sigina a wasu zangunan, saboda haka ana sa mata mataci a bakin fita kafin a haɗa ta da amfilifaya.